A Bar Kufan Maƙerar Fitzroy a Inda Yake

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta rahotonku kan tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Fitzroy da ke garin Mittagong a jihar New South Wales ta Ostireliya, inda marubucin ya kira ajiye kufanta a ƙarƙashin rukunin kantuna cin mutuncin tarihi. Ban yarda da shi ba.

Masana'antar ta fara aiki a 1848, zamanin mulkin mallakar Ingila, kuma ita ce ta farko da ta narka ƙarfe don kasuwa a ƙasar. Ba ta taɓa tsayawa da ƙafafunta ba, domin ƙarfen da ake shigowa da shi daga waje ya fi nata araha. An rushe babban murhunta a 1922. Sauran kuwa ƙasa ta binne su, har sai da kamfanin Woolworths ya zo gina kantuna a farkon shekarun 2000 aka tono harsashin injinan murza ƙarfe. Kamfanin ya haƙura da wani ɓangare na wurin ajiye motoci, aka killace tubalan da duwatsun. Yau mai sayen kayan miya na fitowa daga mota ya gan su, abin da ba kowane gidan tarihi ke samu ba.

Abin da nake tsoro shi ne hayaƙin motoci da danshi. Ina kira ga ƙaramar hukumar Wingecarribee, wadda garin Mittagong ke ƙarƙashinta, ta riƙa tura masana su duba tubalan a kai a kai, ta kuma tsara wa makarantun yankin kai ɗalibai ziyara.

Naku,
Mai karatu daga Zariya