Ba Rubutun Wasa Ake Kamawa Ba, Dandalin Ake Rufewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in yi magana kan wasan kwaikwayon da ke yi wa masu mulki gugar zana, da hanyar da ake bi a kashe shi ba tare da an ce an hana shi ba.

Shaguɓe ga mai iko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da tafiyarsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin yana kallo. A kalankuwa samari na naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka, a Damagaram kuma ana wasan kara. Manufar ita ce mai mulki ya ga kansa yadda talakawa ke ganinsa, ya gyara tun kafin rai ya ɓaci.

Wanda ya bi tarihin hana irin waɗannan wasanni zai ga da wuya hukuma ta tsaya ta ƙaryata abin da wasan ya faɗa. Ta gefe take ɓullowa. A 1951 ɗan wasan kwaikwayo Hubert Ogunde ya kawo Kano wasansa kan ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Inugu a 1949. An hana wasan, an tuhume shi da tunzura jama'a, amma laifin da ya tabbata a kansa shi ne manna takardun talla ba izini. A Kenya, a 1977, lasisin taro aka janye wa mutanen ƙauyen Kamiriithu da ke nuna wasan kwaikwayo, sannan aka tsare ɗaya daga cikin marubutan wasan, Ngugi wa Thiong'o, kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin da suka gina da hannunsu. Yau ma haka abin yake: mai zauren taro ya mayar da kuɗin haya ana gobe wasa, ko a ce ba a sanar da 'yan sanda ba, ko a ce wani ɗan wasa ba shi da rajista.

Don haka ƙungiyar da ke shirya irin wannan wasa ta toshe waɗannan kafofi tun da wuri. A yi yarjejeniyar hayar zaure a rubuce, da sharaɗin diyya idan mai wuri ya janye, a kuma tanadi wuri na biyu. A kai wa DPO na yankin takardar sanarwa kamar mako biyu kafin ranar, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Sanarwa nake cewa, domin a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taron lumana ba ya bukatar izinin 'yan sanda, a shari'ar da ta samo asali daga gangamin jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa a Kano a 2003. A Kano akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, kuma duk wasan da za a ɗauka a bidiyo ya shiga hurumin da take dubawa.

Kuskure mafi yawa daga 'yan wasan kansu yake zuwa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu, kuma ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code, da ɗauri har shekara biyu. Idan ɗan wasa ya sa irin hular wani gwamna, ya ɗauki muryarsa, ya kira shi ɓarawo, ya miƙa wa mai ƙara wuƙa da nama. Idan kuwa aka ƙirƙiri Sarkin Garin Babu, aka nuna shi yana buɗe rijiyar burtsatse da jarkar ruwa da aka ɓoye a bayan labule, 'yan kallo sun gane, kuma duk wanda ya tsargu shi ya tona kansa. A kula da masu ƙari a kan dandali: tafi ya yi daɗi, ɗan wasa ya saki baki ya ambaci suna, wani ya yanki daƙiƙa talatin ya ɗora a TikTok. Shi ya sa ya kamata ƙungiya ta ɗauki wasan gaba ɗaya ta ajiye, tare da rubutun da darakta ya sa wa hannu.

Duk da haka hukuncin da ake yankewa ya wuce kima. A 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar kotu na kwana 30, saboda barkwancin da suka yi kan gwamnan lokacin. Wannan ya isa ya sa marubuci ya yaga takardarsa tun a ɗaki.

Roƙona ga majalisun dokokin jihohinmu shi ne su cire ɓata suna daga laifukan da ake ɗauri ko bulala a kansu, wanda aka ɓata wa suna ya nemi diyya a kotu. Hukumomin tacewa kuma a wajabta musu ba da dalilin hani a rubuce, da layin da suka ƙi, da wa'adin ɗaukaka ƙara.

Naku,
Malamin koyar da wasan kwaikwayo, Zariya