A ƙarasa mana labarin jirgin Constitution

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina cikin masu bin shafin tarihi na jaridarku, kuma na ji daɗin bayanin da kuka kawo kan Constitution, tsohon jirgin yaƙin Amurka mai filafilai. Allah ya saka da alheri. Sai dai marubucin ya tsaya a kan yaƙin 1812 da Ingila, alhali ɓangaren da ya fi shafar mai karatu Bahaushe a gaɓar Afirka ya faru. Don haka nake roƙon a ba ni fili in ƙara.

Ba na musun abin da aka rubuta. An ƙaddamar da jirgin a Boston ranar 21 ga Oktoba 1797, ɗaya daga cikin guda shida da majalisar Amurka ta amince a ƙera a 1794. A watan Agusta 1812, ƙarƙashin Kyaftin Isaac Hull, ya kakkarya turakun filafilan jirgin Ingila mai suna Guerriere har ya kasa motsi, a Disamba ya gama da wani jirgin Ingila, Java, kusa da Brazil, a Fabrairun 1815 kuma ya kama wasu biyu, Cyane da Levant, a karo guda. Duk gaskiya ne. To amma me ya sa aka ƙera shi tun farko? Ba don Ingila ba ne. Saboda ƙasashen Arewacin Afirka ne, musamman Aljeriya, waɗanda ke kame jiragen fataken Amurka a teku suna neman kuɗin fansa, ko kuma a riƙa biyansu kuɗi duk shekara a wuce lafiya.

A 1801 mai mulkin Tarabulus (a Libiya ta yau), Yusuf Karamanli, ya nemi ƙari, Shugaba Jefferson ya ƙi, sai Yusuf ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka. Shelar yaƙi ke nan. A 1803 aka tura Constitution a matsayin jirgin babban kwamanda, Edward Preble. Kafin ya kai Tarabulus sai ga mummunan labari: wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya hau duwatsun ƙarƙashin ruwa a bakin Tarabulus ranar 31 ga Oktoba, mutanen garin suka kama shi da sojoji kusan 300, suka ciro shi daga inda ya maƙale, suka ja shi cikin tasharsu. Daren 16 ga Fabrairu 1804 wani matashin hafsa, Stephen Decatur, ya lallaɓa cikin tashar da wani ƙaramin jirgi da aka ƙwace daga Tarabulusawa, mutanensa sun ɓoye, matuƙinsa yana magana da masu gadi da Larabci, yana cewa guguwa ta raba su da anga, a bar su su ɗaure a jikin babban jirgin. Da suka matso sai suka haye, suka cinna masa wuta. A watan Agusta Preble ya kawo Constitution ya yi ta luguden igwa a kan ganuwar garin. Duk da haka Tarabulus ba ta faɗi ba. A Yunin 1805 aka yi sulhu, Amurka ta biya dala 60,000 aka sako mata fursunoni.

Malam Edita, a dubi shekarar da kyau. A Fabrairun da aka ƙona Philadelphia ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a Yunin 1804 kuma aka gwabza a Tabkin Kwatto. Kuma Tarabulus ba baƙon gari ba ne a wurin kakanninmu. Nan ne ƙarshen hanyar ayarin da ke tashi daga Kano da Borno ya ratsa Sahara ta Murzuƙ ko Gadamas, ɗauke da fatu da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Wannan Yusuf ɗin dai shi ne ya buɗe wa Baturen Ingila mai yawon bincike, Clapperton, da abokansa hanya a 1822, har Clapperton ya iso Kano ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Yaronmu da ke karanta tarihin jihadi a makaranta ya cancanci ya san abin da ke faruwa a ɗaya bakin hanyar a lokaci guda.

Sai ɓangare na biyu, wanda ya fi taɓa mini zuciya. Daga 1853 zuwa 1855, da tsufansa, Constitution shi ne jagoran rundunar da Amurka ta ajiye a gaɓar yammacin Afirka don tare masu safarar bayi. Amurka ta haramta shigo da bayi tun 1808, amma sai da yarjejeniyar da ta yi da Ingila a 1842 ta ɗora mata ajiye jirage masu igwa 80 a jimilla a wannan gaɓa. A Nuwamban 1853, kusa da bakin kogin Kwango, jirgin ya kama wani ƙaramin jirgin Amurkawa, H. N. Gambrill. Ba a iske bayi a ciki ba, ba a kai ga loda su ba, amma an iske shirin: katakon shimfiɗa ƙarin daɓe inda za a jera mutane kwance, da ruwa da abinci da suka fi ƙarfin 'yan ma'aikatan da ke ciki. Shi ne kamu na ƙarshe da Constitution ya yi a rayuwarsa.

Aiki ne mai kyau, ban rage masa komai ba. Amma a faɗa wa mai karatu sauran. Kwamandan rundunar, Isaac Mayo, shi kansa yana da bayi a gonarsa a Maryland. Katakon nan mai tauri da ya sa harsashin igwa ke dukan jikin jirgin yana faɗawa ruwa, daga tsibiran gaɓar jihar Jojiya ta Amurka aka saro shi, kuma bayi baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka yi saran, cikin fadama da sauro da zazzaɓi, iyayen gijinsu na karɓe ladan. Jirgin da guminsu ya shiga jikinsa ne ya zo tsaron gaɓar da aka kwaso kakanninsu, a lokacin da miliyoyin 'yan'uwansu ke cikin bauta a Amurka, har zuwa 1865.

An janye shi daga aiki a 1881. A shekarun 1920 'yan makaranta suka yi ta tara ƙananan kuɗi aka gyara shi, yau yana nan a Boston, sojojin ruwa na kula da shi, baƙi na shiga kallo. Amurkawa sun iya riƙon kayan tarihinsu, kuma ba laifi su ba da labarin ta inda ya fi musu daɗi. Jarida mai rubutu da Hausa kuwa masu karatunta daban ne. Ina roƙon ku nemi ɗaya daga malaman tarihi na jami'o'inmu ya rubuto mana kashi na biyu, ya ba da yaƙin Tarabulus ta wajen mutanen garin, ya kuma bayyana mana alaƙar gidan Karamanli da Borno da Kano.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya