Gaisuwar ƴar'uwarmu mai tagwaye

Assalamu alaikum, matan rukuninmu na Tawa. Ƴar'uwarmu da ta haifi tagwaye ranar Laraba ta rasa Husaini daren jiya. Hasan na nan, yana shan nono. Allah ya sa mai ceto ne.

Gobe bayan la'asar za mu gaisuwa. Don Allah kada wadda ta ce mata "ai kina da ɗaya". Ni ma an taɓa gaya mini haka, har yau tana yi mini ciwo. Biyu ta ɗauka a ciki, kayan biyu ta tanada. In ta ambace shi, ku saurare ta.

Jego kuma bai tsaya ba: ana buƙatar geron kunun kanwa, itacen wanka da mai kwana wurinta. Mai halin jikka 1 ta kawo mini kafin azahar.