Shekara hamsin babu Murtala

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi ta'aziyyar Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka kashe ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana da shekara 37 a duniya. Ɗan Kano ne, kuma a Kano aka kwantar da shi, a harabar masallacin da ke ɗauke da sunansa a unguwar Hausawa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aljanna ce makomarsa.

Ni tsohon malamin firamare ne. Lokacin da ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975 ina sabon shiga aiki, kuma na ga yadda gari ya sauya cikin 'yan makonni. Ma'aikacin da ya saba shigowa ofis da hantsi ya koma sammako, har hedimastanmu yakan tsaya bakin ƙofa riƙe da agogo tun kafin a buga ƙararrawa. Ba wanda ya aiko soja makarantarmu. Labari kawai ya zo cewa shugaban ƙasa da kansa ba ya makara.

Mulkinsa bai cika wata bakwai ba. A ciki ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja, ya tunkari matsalar jiragen ruwan siminti da suka toshe tashar Apapa, ya kuma tsayar da 1 ga Oktoba 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula. Obasanjo ya cika masa wannan alkawari. A Addis Ababa kuwa, cikin Janairun 1976, ya tsaya gaban shugabannin Afirka ya goyi bayan MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke yaƙin neman mulkin Angola, duk da wasiƙar da shugaban Amurka Ford ya aiko yana son a bi wata hanyar.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Korar ma'aikata sama da dubu goma da aka yi a zamaninsa ta haɗa da masu gaskiya, wasu a rediyo suka ji an sallame su. Daga nan ne, a ganina, ma'aikaci ya fara tunanin tara abin gobe tun yana kan kujera.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya mutu. Yaran Laftanar Kanar Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin ranar, sun same shi cikin cunkoson motoci a Ikoyi, yana hanyar ofis a baƙar Marsandi, ba jiniya ba ayari, daga shi sai dogarinsa da direba da odilansa. Motar na nan a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta. Yau kuwa ka tsaya a titin Zariya ka ga yadda ake kore masu adaidaita da 'yan talla gefe don wani mai ƙaramin muƙami zai wuce ɗaurin aure.

Kwanan baya na tambayi jikokina ko wane ne Murtala. Babbar ta ce asibiti ne, ƙaramin ya ce naira ashirin. Ban ga laifinsu ba. Lokacin da aka fitar da takardar a 1977 ita ce mafi girma a kuɗin Nijeriya, yanzu ko ledar ruwa da ƙyar take saya, kuma ba wanda ya zaunar da yaran ya ba su labarin mai hoton.

Duk da haka ban ɗebe tsammani da ƙasar nan ba. Na ga mutanen da suka gyaru cikin wata shida saboda na sama ya gyaru, kuma jikokinsu ne ke cika kasuwannin Kwari da Sabon Gari da Farm Centre suna neman na kansu tun asuba. Roƙona ga ma'aikatar ilimi ta jiha shi ne, tunda an ce an dawo da darasin tarihi, a sa Murtala a ciki da alherinsa da kurakuransa, a riƙa kai 'yan makaranta kabarinsa a unguwar Hausawa duk watan Fabrairu su yi masa addu'a. Mu da muka ga zamaninsa mun fara ƙaranci, a gayyace mu ajujuwa tun muna iya tsayuwa.

Wassalam.

Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Gandun Albasa, Kano