Kafin Abba Ya Kamo Hanyar Legas

Agege, Legas.

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya kasuwa, ya mutanen Kano? Mu nan Ikko sai godiya.

Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin Abba ya samu gurbi a Jami'ar Legas. Allah Ya sa a fara a sa'a, Ya sa a gama lafiya. Sai dai jerin kayan da Hajiya ta rubuta ya ba ni dariya: katifa, bargo biyu, rabin buhun shinkafa, risho, bokitai. Haba Alhaji, karatu za a turo yaron nan ko aure za a yi masa? Ka lallaɓa ta ta rage. Duk abin da kuɗi zai saya a nan, a bar shi a nan. Abin da sai a Kano ake samunsa, shi za a ɗauko.

Na farkonsu takardu. Takardar samun gurbi ta JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, da ƙananan hotuna masu yawa. Bokiti in an manta, naira ce za ta yi magani a Yaba. Amma shaidar ƙaramar hukuma in ta kwana a durowarka, tsakaninmu tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, ga layin tantancewa ba ya jiran kowa. Ku zauna kai da shi ku duba sunansa harafi-harafi a kowace takarda. Yaranmu na Arewa nan suke yawan maƙalewa: wata takarda Muhammad, wata Mohammed, wata kuma an sa sunan kaka a madadin na uba. Gyaran ya fi sauƙi tun yana gida. A yi wa kowace kwafi, a ɗauki hotonta a ajiye a imel ɗinsa, sannan na ainihin a saka su cikin jakar roba mai zif, su zauna a jikinsa cikin mota, kada a jefa su but tare da kaya.

Jakar robar nan da dalili na ce. Kai ka saba da garin da za ka shanya riga, kafin ka idar da azahar ta bushe. Nan ba haka ba ne. Makarantar tana Akoka, an kafa ta a 1962, a bakin ruwa take, daga cikinta kana hango motoci a kan gadar Third Mainland. Damina tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, Yuni da Yuli kuwa sai a wuni ana tsugawa. Ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take. Takalmin fata in ka tura shi ƙarƙashin gado ka manta, za ka ciro shi ya yi fari fat da fumfuna. Shadda mai sitaci kafin a sauko daga masallaci ta yi laushi. Don haka manyan kaya biyu ko uku sun ishe shi Juma'a da salla, sauran su zama marasa nauyi masu saurin bushewa. A haɗo masa da lema mai ƙwari, da takalmin roba, da kafur na cikin akwati. Bargo ɗaya ma ya yi yawa, hunturun nan wasan yara ne. Gidan sauro kuwa dole ne, mai magani, domin sauron bakin ruwa ba ya hutun rani.

Batun abinci na san nan za a yi daru da Hajiya. Ka gaya mata kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, gero, wake, babu wanda ba ma da shi a Agege da Mile 12, kuma 'yan uwanmu ne ke sayarwa. Kilishi da ƙuli-ƙuli a yi masa kaɗan na makon farko, domin danshi ba ya barinsu su daɗe. Abin da ba zan hana ba shi ne yajin da ta daka da hannunta, da garin kunu. Wannan ko ni ban isa in samo masa irinsa ba. A zuba a roba mai murfi mai kamawa, ba a ƙullin leda ba.

Katifa da risho a dakata. Gadajen makarantar ba sa isar ɗalibai, ta intanet ake nema, wani ya dace wani ya rasa. In Allah Ya ba shi ɗaki a masaukin ɗalibai na Jaja ko Mariere ko Biobaku, sai ya ga faɗin gadon, ya ji dokarsu kan girki da kayan wuta, sannan mu shiga kasuwar Tejuosho mu sayi abin da ya dace. Ka ja masa kunne, kada ya tura wa kowa ko sisi don an ce za a sama masa gado ta bayan fage. Kafin komai ya daidaita yana wurina, ɗakin yara akwai wuri. Yanzu ma abin ya yi sauƙi, tun 2024 jirgin ƙasa na Red Line yana bi ta Agege zuwa Yaba, da katin Cowry ake shiga, zan yi masa nasa. Acaɓa kuwa kada ya sa rai, gwamnati ta hana shi a yankin tun 2022.

Sauran ƙananan abubuwa ne: kwaɗo biyu masu kyau, fitila mai caji, abin ajiye cajin waya, da wayar jona wuta mai baki da yawa, don a ɗakin ɗalibai soket ɗaya mutum nawa ke rububinsa. In da maganin da ya saba sha, a taho da shi da takardar likita. Kuɗi a asusunsa na banki mai sunansa, aljihu kuɗin hanya kawai. Kwamfutarsa a jakar goyo, a kan cinyarsa har ya sauka.

Sallaya da Alƙur'aninsa ba sai na tuna maka ba. Akwai babban masallaci a cikin makarantar, ga kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, wadda da yawa a Arewa suke zaton tamu ce, alhali a nan Legas aka kafa ta a 1954. Ya nemi 'yan uwa a can tun makon farko, su ne za su nuna masa inda ake cin abinci mai kyau da araha. In kewar gida ta dame shi, ya leƙa Idi-Araba, zai ji Hausa har ta ishe shi.

Ranar da zai taso ka turo mini lambar direba da tashar da za su sauka, ni da kaina zan je in tarye shi. Kuma tunda an rage bargo, akwai sauran wuri a jakar bakko, a cika mini shi da alkaki da dakuwa, maman yara ta daɗe tana mita.

Ka gaida Hajiya da yara, da duk abokan zaman majalisa.

Naka har kullum,
Amininka na Agege