Zuwa ga Ummi, kan lissafin shagon kawunki

Assalamu alaikum, Ummi. Da fatan kina lafiya, ke da kawunki da iyalinsa.

Mamanki ta ce an damƙa miki littafin shagon atamfa na Kantin Kwari, kuma da kalkuleta kike fama har dare. Ki ajiye ta. Kwamfutarki ta makaranta tana da Python, wata manhaja da ake rubuta wa umarni ta yi lissafi. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ki sa python3, ki danna Enter. Da kin ga alamar >>> to ke take jira.

Abin da ya sa nake tura ki gare ta shi ne duk abin da kika rubuta yana nan a gabanki. Idan jimla ta ƙi yin daidai, sai ki duba sama ki ga layin da kika sa 45 maimakon 54. Mai riƙe da kuɗin wani dole ya iya nuna ta inda ya bi, ko da mai kuɗin ɗan'uwan uwarsa ne. Kina kuma iya raɗa wa lamba suna: turmi = 18500, sannan turmi * 40, ta ba ki 740000. Amsar ƙarshe tana ajiye cikin alamar _, saboda haka _ / 40 zai fitar miki da zakkar wannan adadin ba tare da kin sake bugawa ba.

Alamomi biyu za su yi miki rana. A ce yadi 130 ya rage, turmi kuma yadi shida ne: 130 // 6 zai ce turmi 21, 130 % 6 ya ce saura yadi 4.

Amma ki kula da waƙafi, nan ne tarkon. Mun saba rubuta 250,000. Idan kika ba ta haka, ba za ta yi gardama ba, sai ta ɗauka lambobi biyu kika ba ta, ta mayar miki da (250, 0). Ki rubuta 250_000, ko ki bar shi haɗe. Haka alamar ^ ba ta ɗaga lamba: 2 ^ 3 zai ba ki 1, alhali 2 ** 3 ne ke ba da 8, wato 2 sau 2 sau 2. Ranar da kika ga 0.1 + 0.2 ya fito 0.30000000000000004, kada ki ce kwamfutar ta lalace. Da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama cif a wannan tsarin. Ki yi lissafin kuɗi da cikakkun lambobi, naira ko kwabo, ki huta.

Tunda kina karatun gado a Islamiyya, ga abin gwadawa ranar Juma'a. Rubuta from fractions import Fraction, ki haɗa tumunin mata, Fraction(1, 8), da sulusi biyun 'ya'ya mata, da sudusin uba da na uwa. Za ta ce Fraction(9, 8), ma'ana 9/8, wato rabo ya fi dukiya. Wannan shi ne aulu. Yadda ake warware shi kuwa, sai malaminku.

Ki gaishe min da kawunki. Idan kin rufe lissafin watan nan, ki ɗauko min hoton allon in gani.

Mahaifinki.