Wanda Zazzaɓi Ya Kashe a Bama Shi Ma Soja Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ya ɓata mini rai matuƙa, kuma har yau abin bai sake ni ba. Awa guda cur mai gabatarwa yana ta maimaita cewa 'yan mazan jiya su ne waɗanda suka faɗi a fagen daga da harsashi a jiki. Da wani dattijo ya bugo waya yana cewa mahaifinsa soja ciwo ne ya kashe shi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka ce masa ai wannan ajali ne, aka katse shi, aka sa kiɗan badujala. Haba Malam! Shi na harsashin ba ajali ba ne?

Ƙanen kakana bai kai shekara 20 ba dagaci ya miƙa sunansa, aka kai shi bariki aka aske masa kai. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga can aka tura su kwarin kogin Kaladan a Bama. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyenmu ba! A dajin da ko alfadari ke gazawa, su ne ke ɗaukar harsasai da abinci a ka, ruwa na dukansu dare da rana, matsattsaku na shan jininsu, abincin ma sai jirgin sama ya jefo da laima. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, atini ya biyo baya, ya rame har abokansa suka riƙa ɗaukarsa a kan gadon kara. Wani ɗan garinmu da suka tafi tare, shi ya dawo a 1946 ya ba da labarin. Ya ce har ransa ya fita yana tambayar ko an yi shuka a gida.

Mahaifiyarsa ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Takarda kawai aka aiko, aka nemo malamin makaranta ya karanta mata. Kakana ya raɗa wa mahaifina sunansa, kuma har ta koma ga Allah ba ta iya kiran sunan nan ba tare da muryarta ta karye ba. Wannan ne za a ce mini bai cancanci a ambace shi ba?

Da mai gabatarwar ya ɗan bincika da ya san cewa a yaƙin Bama cuta ta fi bindiga ɓarna. Janar Slim da kansa, wanda ya jagoranci sojojin Ingila a can, ya rubuta cewa a 1943 duk soja ɗaya da aka kwaso da rauni, an kwaso 120 da rashin lafiya. Barikin Dalet da ke Kaduna da na Chindit a Zariya da na Arakan a Legas, duk daga wancan yaƙin suka samo sunayensu. Muna wucewa ta gabansu kullum, amma yaran da suka mutu suna karkarwar sanyi a cikin laka, babu mai tuna su. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Can an rubuta su ba tare da an tambayi me ya kashe su ba, sai a gidan rediyon garinsu ne ake tankaɗe su.

Ina roƙonku ku nemo dattijon nan ku ba shi haƙuri, ku ba shi fili ya ƙarasa maganarsa. Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya jiƙan namu.

Sannan don Allah ku duba tallan maganin basir da kuke cusawa a tsakiyar sanarwar rasuwa. Ana karanta ta'aziyyar mutane sai a ji wani yana ihun farashin kwalba. Wannan ba mutunci ba ne, ku mayar da shi bayan labarai.

Naku mai sauraro,
daga ƙasar Zazzau